Labarin Sulhu a Ƙasar Kano

Wanda ya buɗe tsofaffin littattafan kotunan alƙalai na ƙasar Kano, waɗanda magatakarda suka cika da hannunsu zamanin En'e, ya ga ƙarar aure da ta bashi da ta gado jere shafi bayan shafi, sai ya zaci mutanen wancan zamani ba su da wata sana'a sai kai juna ƙara. Alhali kuwa abin da ya shiga littafi ɗan kaɗan ne daga cikin husumar da a kan yi. Mafi yawanta tun a zaure ta kan mutu, ko a ƙofar gidan dagaci, ko a rumfar kasuwa, babu alƙalami babu tawada, babu wanda ya biya kuɗin sammaci. Littafin kotu, in an duba shi da kyau, lissafi ne na sulhun da ya ƙi. Wanda ya yiwu ba a rubuta shi ba, saboda haka mai neman labarinsa sai ya bi ta gefe, ya duba abin da shari'a ta yarda da shi, da abin da ya auku tsakanin sarakuna, da yadda talakawa suka saba yi.

Kalmar sulhu Larabci ce, ta zo tare da littattafan fiƙihu, amma aikin ya riga kalmar zuwa. Hausawa suna da sasanci, da shiga tsakani, da ban baki, da kamun ƙafa, da biko, ko wane da wurin da ya dace da shi. Abin da littattafai suka ƙaro shi ne iyaka. Alƙalan Kano bisa mazhabar Imamu Malik su ke hukunci, kuma cikin littattafan da ke gabansu akwai Risala, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfatul Hukkami na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1426. A wurin Halilu sulhu ba zancen alheri ba ne kurum, ƙulla alkawari ne mai hukunci. Idan mai ƙara ya karɓi wani abu dabam maimakon abin da ya ke nema, to, ciniki aka yi, ko kuwa ijara, dukan sharuɗɗansu sun hau kansa. Idan kuwa ya karɓi sashe ya bar sashe, abin da ya bari kyauta ne. Don haka wanda a ke binsa sule 10 zuwa kaka, ba shi halatta a sulhunta su bisa cewa a ɗaga masa zuwa baɗi ya biya 12, ko da su biyun sun yarda, ko da dattawan gari duka sun shafa Fatiha. Riba ce aka sa wa rigar sulhu.

Ibn Asim kuma ya yi wa alƙali kansa iyaka, ita ce ta fi cancanta a riƙe. Alƙali ya kan kira masu husuma zuwa sulhu idan hukunci ya rikice masa. Amma idan gaskiya ta bayyana sarai, ba shi da ikon ya tura mai gaskiya zuwa sulhu, sai fa in yana tsoron zartar da hukunci zai ta da fitina, ko kuwa masu husumar dangi ne, yana gudun yankewar zumunci. Watau tun da daɗewa malamai sun gane cewa sulhu yana iya zama hanyar danne haƙƙi. Haka kuma laifin haddi, kamar sata: mai kaya yana da ikon yafewa kafin magana ta kai ga hukuma, in ta kai, ƙofa ta rufe. Sha'anin jini kuwa magadan wanda aka kashe su ke da zaɓi, su nemi ƙisasi ko su yafe, ko a daidaita bisa diyya, amma ko sun yafe Malikiyya sun ce a yi wa mai kisan ganganci bulala 100 a tsare shi shekara guda, wanda ya yaudari mutum ya kashe shi don dukiyarsa kuwa babu mai ikon yafe masa.

Tsakanin talaka da talaka akwai alƙali. Tsakanin sarki da sarki fa? Bayan jihadi babu wani alƙali da zai aika wa sarki mai tuta sammaci, sai dai a kai magana Sakkwato, gaban Sarkin Musulmi, ta hannun Waziri, wanda shi ne ƙofar Kano. Sau biyu ƙasar Kano ta ga abin da wannan ke haifarwa, na farko ya yi kyau, na biyu ya ɓaci.

Na farko shi ne sha'anin Ɗantunku. Shi shugaban Fulani ne na wajen Dambatta, arewa da birni, ya taimaki jama'a lokacin jihadi, ya kuwa ɗauki kansa ba na ƙarƙashin Kano ba ne. Zamanin Sarki Sulaimanu abin bai fito fili sosai ba. Da Ibrahim Dabo ya hau gado a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shiga yaƙi da hare-hare har wajen shekara 5. Wani Baturen Ingila matafiyi da ya iso Kano a farkon 1824 ya tarar da kufan garuruwan da wannan faɗa ya tashe su. Dabo ya fi ƙarfi, ya kuwa kori Ɗantunku daga Dambatta, amma bai iya gamawa da shi cikin duwatsun Kazaure ba. Sa'an nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, wajen 1824, ya tabbatar da Kazaure ƙasa ce mai kanta, tana bin Sakkwato ba ta hannun Kano ba, aka yanka iyaka. Ko wannensu ya rasa wani abu. Kano ta rasa yankin da ta ke ganin nata ne, gidan Ɗantunku kuwa ya bar Dambatta, ta zama ta Dambazawa, gidan Sarkin Bai. Amma sulhun ya zauna. Turawa sun zo sun tarar da shi ba su taɓa shi ba, aka kuma yanke Jihar Jigawa a 1991 Kazaure na nan da sarkinta. Abin da ya sa ya zauna kuwa ba wuya a gane shi: Bello ba shi da gona a Dambatta, ba shi da ɗa a Kazaure, kuma su biyun ba wanda ke iya cewa ba shi ne shugabansa ba.

Na biyu shi ne Basasa. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Waziri Buhari yana Kano. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi umurni a naɗa Galadima Tukur, ɗan marigayi, alhali 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, waɗanda suka fi yawa suka fi jama'a, Yusufu su ke so. Suka fita birni suka tafi Takai. A nan fa a ke bukatar mai shiga tsakani, sai aka rasa, domin wanda ya kamata ya raba shi ne ya yi naɗin, ya kuma aika wa sarakunan maƙwabta su taimaki Tukur. Mai rabon faɗa ya riga ya ɗauki sanda. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ƙanensa Alu ya gaje shi, ya ci birni cikin wannan shekara, Tukur ya halaka a 1895. Daga baya Sakkwato ta karɓi Alu don babu yadda za ta yi, bayan an zubar da jinin 'yan'uwa, an bautar da mutanen da shari'a ba ta yarda a bautar ba.

Wannan na manya ke nan. Na talakawa ba shi da shekara ba shi da suna, amma yana da matakai da kowa ya sani. Magana ta kan fara daga maigida, wanda ƙannensa da 'ya'yansa ke noma gandu ƙarƙashinsa. In ta fi ƙarfinsa sai mai unguwa da liman, sa'an nan dagaci. Gwanin sulhu ba ya fara haɗa masu faɗa fuska da fuska. Ya kan kira wannan bayan lisha ya saurare shi har ya gaji da magana, gobe ya kira wancan, ya kai wa ko wanne abin da ya yi laushi daga bakin ɗan'uwansa, ya haɗiye mai zafin. Ya kan ja kwanaki da gangan don zuciya ta huce. Ran da za a haɗu an riga an gama, zaman na shaida ne kurum. A nan sai ƙarami ya durƙusa ya ba babba haƙuri ko da shi ne mai gaskiya, babba kuwa an riga an yi masa faɗa a ɓoye, ya san abin da zai mayar. A raba goro, a yi musafaha, liman ya yi addu'a. Baƙo da ya ga zaman sai ya ce an zalunci yaro, bai san cewa gobe da asuba akuyar da a ke faɗa a kanta za ta koma turkensa ba tare da an ce komi ba. An ba ɗaya girma, an ba ɗaya kaya.

Aure shi ya fi ko wane abu cin lokacin dattawa. Mace in ta ga abin da ba ta iya ɗauka ta kan yi yaji, ta tafi gidan ubanta ko na waliyyinta. Yaji ba saki ba ne, ƙara ce da a ke kaiwa da ƙafa. Miji ba shi da hanya sai biko, kuma ba shi kaɗai zai je ba, sai ya nemi wani babba nasa ko amininsa su tafi da goro. A zaure babban zai ce, “Baba, mun zo ban haƙuri ne, yaro ya yi kuskure.” Uban kuwa ko da ya ji komi daga bakin 'yarsa sai ya ce bai san abin da ya faru ba, a faɗa masa, don miji ya faɗi laifinsa da bakinsa gaban shaidu. Sa'an nan a sa sharaɗi: ya kawo cefane, ya gyara ɗaki, ya daina duka, ya daidaita kwana tsakaninta da kishiya. Shari'a ma ta tanadi irin wannan, don Suratun Nisa'i ta yi umurni a tayar da mai hukunci ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, Malikiyya kuwa sun ba waɗannan biyu ƙarfi ƙwarai, har in sun ga zama ba zai yiwu ba suna iya raba auren ko miji bai so ba. Sai dai a aikace sau da yawa uba ya fi jin kunyar surukinsa bisa tausayin 'yarsa, balle in auren zumunci ne, ko in an riga an ci kayan aure babu abin mayarwa. Sai a ce da ita ta yi haƙuri, aure ibada ne, a sa ƙanenta ya raka ta da dare. Kalmar haƙuri ta gyara gidaje da yawa, ta kuma rufe bakin mata da yawa.

Rigimar gona kala biyu ce, ta iyaka da ta ɓarna. Ta iyaka tsofaffi ke kashe ta, su taka da ƙafa su nuna inda gamba ta ke, inda aka dasa aguwa, da kukar da kakan wane ya ke hutawa a gindinta. Ta ɓarna kuwa, in shanu sun shiga gona kafin a kau da amfani, dagaci ya kan aika da mutanensa, arɗo ya aiko nasa, su duba tare, su ƙiyasta dami nawa aka ci, makiyayi ya biya. Abin da ke sa wannan ya yi sauƙi a ƙasar Kano shi ne ko wanne na bukatar ɗan'uwansa. Gonakin kewayen birni ko wace shekara a ke noma su ba hutu, ba su yi sai da taki, saboda haka manomin da ya kori Bafillace da damina shi ne zai roƙe shi ya sauka a gonarsa da rani. In kuwa manomi ne ya cinye burtali da garma, shi ma a kan gaya masa. Amma ma'aunin bai cika tsayawa daidai ba, musamman zamanin Turawa, da aka riƙa auna ƙoƙarin hakimi da yawan jangalin da ya tara. Fulani in an matsa musu sai su yi ƙaura da shanunsu zuwa wata gunduma, manomi kuwa ba shi iya naɗe gonarsa ya tafi. Mai sulhu da ya san haka, ba sai an gaya masa wanda zai lallasa ba.

A kasuwa sulhu ya fi ko'ina ƙarfi. Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa ta ke, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma ko wace sana'a a cikinta da shugabanta, mahauta da Sarkin Pawa, maƙera da nasu, dillalai da nasu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro su kan yi watanni bisa hanya, cikin ƙasashen da babu alƙalin da ya san su, madugu shi ne uba shi ne mai raba gardama. In sun sauka kuma sai fatoma, watau maigidan da ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ba da bashi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: fatoma da ya karɓi la'ada, in mai saye ya ƙi biya, shi ne zai bi, in ya rasa ya biya daga aljihunsa. Attajiri ba ya son kotu, ba don tsoron alƙali ba, sai don goro ba ya jiran a nemo shaidu, saniya kuma kullum ramewa ta ke yi. Wannan tsari Hausawa suka tafi da shi duk inda suka kafa zango, a Salaga, da Kumasi, da Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, inda aka riƙa sayar da shanu bashi ba takarda, in gardama ta tashi a kai ta gaban Sarkin Hausawa. Ba shi da kurkuku ba shi da dogari. Hukuncinsa guda ne, wanda ya ƙi abin da aka daidaita ba mai sake ba shi amana, ɗan kasuwa kuwa in ya rasa amana ya rasa jari.

Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba, dokokinsa na 1900 da 1906 sun tabbatar da su, sai dai an sa su ƙarƙashin idon Razdan. Babban canji ya zo ne wajen 1907 zuwa 1908, sa'ad da Razdan Kagil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya yanka ƙasa gunduma gunduma, aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya je ya zauna cikin ƙasarsa. Da can hakimi na birni, jakadansa ne ke kai da kawowa. Bayan haka aka kafa kotunan alƙalai a gundumomi, aka buɗe Baitulmali, aka yanka wa alƙali albashi, kuɗin kotu kuwa ya zama na En'e, da rasit. Aka ba ko wace kotu littafi da magatakarda, Di'o in ya zo rangadi sai ya duba. Shari'a aka ce ta alƙali ce, hakimi da dagaci ba su da ikon yanke hukunci ko cin tara.

Wannan doka ta bar sulhu a wani irin matsayi mai wuyar suna. Kowa ya san dagaci yana raba faɗa kullum, in da ya daina da kotu ba ta iya ɗaukar abin da zai zubo mata. Amma in ya karɓi kaza don godiya, yau gaisuwa ce, gobe in an so tuɓe shi toshiya ce. Ga kuma ushira, watau ɗaya cikin goma da kotu ke cirewa in ta raba gado. Don gudun ta mutane da yawa suka gwammace su kira malami ya raba musu a gida, ko kuwa su bar gona ba rabo, su ce a ci gaba da gandu kamar yadda uba ya bari. Da jin wannan magana sai a ce zumunci ne, amma 'ya mace da ta yi aure a wani gari, da maraya da ke hannun baffansa, sau da yawa rabonsu cikin wannan zumunci ya ke narkewa. Littattafan majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, suna nan an adana su, sun kuwa nuna rigimar gona da gida gaban Sarki a ke kai ta, har da mata cikin masu kawo kuka. Ko wace ɗaya daga cikinsu sai da ta ƙetare maigida da mai unguwa da dagaci, kowa na ce mata ta yi haƙuri.

Duk da haka, kusantowar kotu ta yi wa sulhu amfanin da ba a cika faɗa ba. Matar da a da sai ta yi tafiyar kwanaki kafin ta ga alƙali, yanzu ta sami wanda za ta iske cikin yini guda, ta nemi a kira mijinta, ko ta nemi hul'i ta mayar da sadaki. Mafi yawan ƙararrakin da ke cikin littattafan gunduma na aure ne. Miji kuwa da ya san haka, in ya je biko sai ya sassauta murya. Haka bayi. Dokar 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na wannan shekara ɗa ne, kuma bawa ya sami hanyar zuwa kotu ya nemi a yanka masa kuɗin fansa, ya biya, a ba shi takarda. Da yawa ba su je ba, a gida suka daidaita da iyayengijinsu bisa murgu ko fansa, amma sun daidaita ne suna da inda za su in an ƙi, har aka soke bauta ɗungum a 1936. Faɗan da ya fi ƙarfinka, in ji Hausawa, sai ka mai da shi wasa. Sulhun wanda ba shi da wurin kai ƙara irin wannan wasa ne, sunansa kurum sulhu.

Ko magana ta shiga kotu ba a fid da rai. Tsakanin ranar da masinja ya kai sammaci da ranar zama akwai kwanaki, cikinsu dattawa ke kai gwauro su kai mari, don a ƙauye wanda aka kai wa sammaci ya kan ji kamar an tsire shi a kasuwa. Alƙali kansa in ya ga wa da ƙane gabansa sai ya ce su fita su nemi manyansu, ya ɗaga zama. Ba a san iyakar ƙarar da ta mutu a inuwar bangon kotu ba, ta bakin muhuti, ko tsohon masinja da ya san kowa da ubansa. Magatakarda kuwa abin da zai rubuta kalma biyu ce, sun sulhunta, ya ja layi. Amma babu abin da ya kai rantsuwa kawo sulhu. Bisa ƙa'ida mai ƙara shi ke kawo shaidu, in ya rasa sai wanda a ke ƙara ya rantse ya kuɓuta. Mutane kuwa suna tsoron rantsuwa da Alƙur'ani tsoro mai tsanani, har mai gaskiya ma ba ya so, don in wani abu ya same shi ko ɗansa bayan shekara goma za a ce ita ce. Da an ce a je a yi alwala sai ka ga dangi sun miƙe, wani ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a ba mu zuwa gobe.” Sau da yawa wanda a ke ƙara ya kan biya rabin abin da ya musanta don kada ya rantse, wani lokaci kuma mai ƙara ne ke yafewa don kada a ce shi ya sa ɗan'uwansa ya dafa Littafi.

Aka yi ta gyaran kotuna. An buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a 1928, dokar 1933 ta zamanin Gwamna Kamaru ta buɗe hanyar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, a 1934 kuma aka kafa Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Lauya dai ba a yarda ya tsaya gaban alƙali ba. Jarrabawa mai wuya ta zo ne da siyasa. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, 'ya'yanta da yawa sun sha ɗauri a kotunan alƙalai bisa laifin zagin sarakuna ko taro ba izini, kotu kuwa da ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne, hakimi da dagaci ma haka. Talakan da aka san yana wancan gefe, in rigimar gona ta haɗa shi da wani, ba ya ganin dagaci a matsayin mai raba faɗa, ba ya kuma sa rai ga alƙali. Ma'aikata na kirki sun yi iyakar ƙoƙarinsu cikin wannan hali, amma ciwon da ya ɓata sha'anin Tukur da Yusufu shi ne ya sauko har ƙauye.

Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, aka soke kotun Sarki, kotunan alƙalai suka koma na jiha. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e kanta. Hakimai da dagatai da masu unguwa suka saura ba su da kotu ba su da ɗan doka, sai girman da jama'a ke ba su, da shi kuwa suka ci gaba da raba faɗan aure da na iyaka da na ɓarna. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, wadda sulhunta ma'aurata da masu bashi ya zama babban sashe na aikinta, ko da ya ke ba ta da ikon yanke hukunci, abin da ya gagare ta sai kotu. A 2009 aka buɗe gidan sulhu ƙarƙashin Babbar Kotun Kano, bayan irinsa na Ikko da aka buɗe a 2002, a 2023 kuma Tarayyar Nijeriya ta yi sabuwar doka bisa sulhu da sasanci wadda ta maye gurbin ta 1988. A irin wannan gida mai shiga tsakani ba kawun kowa ba ne, horo aka ba shi, wataƙila bai taɓa ganin masu husumar ba sai ran nan. In an daidaita a kan rubuta abin da aka yarda da shi a takarda, kowa ya sa hannu, alƙali ya tabbatar da ita, daga nan ta zama daidai da hukunci, wanda ya saɓa mata a tilasta masa.